Na saba da barcin awa huɗu, me ya sa lissafi yake kufce mini?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekarata 34, ni nake riƙe da littafin lissafi da kuɗin shagon maigidana a Kantin Kwari. In na taso daga kasuwa na yi Isha'i sai majalisa, in da wasa mu kalli bal, in na shiga gida kuma sai danna waya. Nakan kwanta wajen ƙarfe ɗaya, in tashi da Asuba, ba na komawa saboda kai yara makaranta. Na fi shekara biyar a haka, na saba, ba na jin komai. Amma 'yan watannin nan lissafi yana kufce mini, sau biyu ina tura kuɗi ba daidai ba, ga saurin fushi. Abokina ya ce in nemi maganin ƙarin kuzari, gwaggona kuma ta ce sammu ne. Wane magani zan sha?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa albarka a nema.

Kafin mu je kan magani ko maganar Gwaggo, bari mu fara da sana'arka, wato lissafi. Daga ƙarfe ɗayan dare zuwa kiran assalatu a Kano awa huɗu ne da ɗan ɗoriya, a watan Mayu da Yuni kuwa da alfijir ke ketowa da wuri, ko huɗun ba ta cika. Abin da masana barci suka tsaya a kai shi ne baligi yana bukatar awa 7 zuwa 9 a kwana. Kenan kowane dare kana cin bashin aƙalla awa uku. A mako awa 21, daidai da barcin dare uku cur. Da a littafin shago ka ga giɓi irin wannan yana maimaituwa shekara biyar, ai ba za ka tsaya neman wanda ya jefe ka ba, ka san inda kuɗin yake zurarewa.

Kalmar da ta fi tsaya mini a rai cikin saƙonka ita ce "na saba". Ita nake ji kusan kullum a ɗakin duba marasa lafiya, daga bakin direba, da tela, da ma'aikacin banki, har da 'yan'uwana likitoci. Hausawa suka ce sabo turken wawa. Ka yi haƙuri da karin maganar, ni ma turken ya taɓa riƙe ni, zan zo kan wannan.

An taɓa gwada wannan "na saba" ɗin a gani ko gaskiya ne. A 2003 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum 48 masu ƙoshin lafiya. Wasu aka bar su awa 8 a gado kowane dare, wasu awa 6, wasu awa 4, har tsawon kwana 14, kullum kuma ana auna saurin hankalinsu da yawan kuskurensu. Masu awa 8 ba su canza ba. Masu awa 6 suka yi ta raguwa kullum, har a ƙarshen mako na biyu suka zama kamar wanda ya kwana ɗaya bai runtsa ba. Masu awa 4, irin layinka kenan, suka kai matsayin wanda ya kwana biyu idonsa biyu. Amma ga inda gizo yake saƙar: da aka riƙa tambayarsu yadda suke ji, bayan 'yan kwanakin farko sai suka ce barcin da suke ji bai wani ƙaru ba. Aikinsu yana ta lalacewa, su kuma suna ganin lafiya ƙalau suke. Abin da mutum yake sabawa da shi shi ne gajiyar, har ya manta yadda kansa yake in ya ƙoshi da barci. Ƙwaƙwalwar da za ta gaya maka ka gaza, ita ce ta gaza, shi ya sa mai ƙarancin barci ya fi kowa rashin iya auna kansa. Littafinka ne yake gaya maka gaskiya, da tiransifa biyun nan.

Akwai dai mutanen da Allah Ya halitta da ƙarancin bukatar barci, har an gano sauyin ƙwayar halittar da ke jawo haka a wani iyali a 2009. Amma 'yan ƙalilan ne ƙwarai, su ma wajen awa shida suke yi, kuma ba sa gyangyaɗi da rana, ba sa rama barci ranar hutu. In ka san ranar da ba kasuwa kakan kai hantsi a kwance, ko huɗubar Juma'a takan wuce ka kana zaune, to ba ka cikinsu.

Ga abin da ke faruwa a cikin kai. Tun daga lokacin da ka farka, wani sinadari mai suna adinosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, yawansa ne ke sa nauyin ido. Barci ne kaɗai yake kwashe shi. Goro, da shayi, da Nescafe, da lemukan ƙarin kuzarin nan na roba da gwangwani duk suna ɗauke da kafeyin, shi kuma aikinsa ya toshe wurin da adinosin yake kamawa, sai ka daina jin kiran. Bashin yana nan bai ragu ba, wayar kawai ka kashe wa mai binka. Shi kuma barcin ba dunƙule ɗaya ba ne, zagaye-zagaye yake zuwa, kowanne kimanin minti 90, sau huɗu zuwa shida a dare. Barci mai nauyi, wanda jiki ke gyara kansa a cikinsa kuma ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana, ya fi yawa a farkon dare. Barcin mafarki kuwa, mai alaƙa da daidaita zuciya da walwala, ya fi yawa a zagayen ƙarshe. Mai awa huɗu ko zagaye uku ba ya cikawa, ɓangaren ƙarshen nan kullum yanke shi yake yi.

A wurin aiki, abin da ke fara tafiya shi ne tsayuwar hankali a kan abu mai maimaituwa. Ba ilimin ne ke gudu ba, har yanzu ka san turmi nawa ne a dila, ka san farashin kowace shadda da ka. Matsalar tana cikin daƙiƙa biyu ko uku da ƙwaƙwalwa kan ɗauke wuta ido a buɗe, mai shi bai ma sani ba. Kana kwafe lambar asusu mai alƙaluma goma daga takarda zuwa waya, a na bakwai hankali ya yi ƙyafta ya dawo, 6 ta zama 9. Kana buga jimilla, sifili ɗaya ya ƙaru, dubu ɗari ta koma miliyan. A shago asarar kuɗi ce. A kan titin Zariya kuwa, mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, wato gyangyaɗin daƙiƙa uku tafiyar sama da mita 80 ce ba direba. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai yi barci ba, saurin hannunsa da idonsa kan ragu kamar na wanda ya sha giya har ta kai ma'aunin da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da shi. Mu nan ba wanda zai yarda ya hau adaidaita sahun da direbanta ke warin giya, amma kullum muna hawa ta wanda ya fito tun Asuba har sha ɗayan dare yana kan titi.

Saurin fushin ma daga nan yake. In barci bai isa ba, ɓangaren ƙwaƙwalwa mai tunzura mutum yakan ƙara kaifi, ɓangaren gaba mai riƙe linzami kuma ya yi sanyi. Ka kuwa san kasuwa haƙuri ce. Hajiyar da ta zo haɗa lefe, ta sa aka sauke kala ashirin, ta yi tayi na awa guda sannan ta ce bari ta zagaya ta dawo, mai cikakken barci zai raka ta da murmushi, ta kuma dawo. Kai kuma kalma ɗaya za ta suɓuce maka, cinikin miliyoyi ya koma shagon maƙwabci, kuma ba za a taɓa rubuta wannan asarar a littafi ba.

Na ce zan gaya maka nawa. Farkon fara aikina, a wani asibiti da ba sai na faɗi sunansa ba, mukan shiga aiki da safe, mu kwana a kai, mu zarce har yammacin gobe. Wata rana wajen ƙarfe huɗun dare aka kawo yaro yana jijjiga. Na duba nauyinsa, na yi lissafin allura, na rubuta, na sa hannu, zuciyata fes ba ko shakka. Wata dattijuwar nas ta karɓi katin, ta kalle shi ta saman gilashinta, ta kalle ni, ta ce, "Likita, ɗan sake duba mini nan." Ɗigo ɗaya na ajiye ba a wurinsa ba, maganin ya ninka sau goma. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a lokacin ban ji barci ba ko kaɗan, da ka tambaye ni sai in rantse garau nake. Daga baya na karanta binciken da aka wallafa a 2004 a kan sababbin likitoci a wani asibitin koyarwa na birnin Boston: masu dogon aikin da ya kai awa 24 ko fiye sun fi yin manyan kurakurai da kusan kashi 36 cikin ɗari a kan lokacin da aka rage musu tsawon aikin. Ban yi mamaki ba.

Addininmu ma bai bar wannan ba. Ya tabbata daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci wanda gyangyaɗi ya kama yana salla da ya kwanta har barcin ya sake shi, domin mai gyangyaɗi zai iya nufin neman gafara ya ɓuge da zagin kansa bai sani ba. In har a salla an ce mai jin barci bai san abin da bakinsa ke faɗa ba, ina ga mai ƙirga kuɗin mutane? Haka kuma ya tabbata Manzon Allah (SAW) ba ya son barci kafin Isha'i da hira bayanta.

To yanzu sai gyara. A nan mu Kanawa muna da wani sauƙi da wasu ba su da shi: lokacin tashinmu a kafe yake. Likitocin barci a ƙasashen Turai suna shan fama da mutane a kan su riƙa tashi lokaci ɗaya kullum, domin agogon jiki da haka yake saituwa. Mu ladan ya gama mana wannan aikin. Tunda Asuba ba ta matsawa, abu ɗaya ne ya rage da za a matsar, lokacin kwanciya. Ka ƙirga awa bakwai baya daga ƙarfe biyar, ka ga ƙarfe goma. Isha'i a Kano ba ta cika wuce takwas da 'yan mintoci ba, kenan kana da kusan awa biyu na abinci, da iyali, da gaisawa da abokai. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Na san nan ne wuyar take, kuma ba zan ce ka bar majalisa ba. A majalisa ake jin labarin farashi, da ɗaurin aure, da wanda ba shi da lafiya, mutumin da ya yanke ta gaba ɗaya ma wata damuwar yake sayo wa kansa. Ka je, amma ka sa wa zaman iyaka. Za a yi maka tsiya kwana uku, a ce uwargida ta kafa doka, daga nan a saba. Wasannin zakarun Turai na dare kuwa da ƙarfe takwas ko tara suke farawa a agogonmu, gwargwadon lokacin shekara, sai wajen goma ko sha ɗaya a tashi, sannan a ɗora musu na awa guda a kan alƙalin wasa. Ka zaɓi wasan ƙungiyarka, ka bar na sauran. Dare ɗaya a mako jiki zai iya ɗauka, dare bakwai ne ba zai iya ba. Kada kuma ka ce daga ƙarfe ɗaya za ka koma goma a dare guda, za ka yi ta juyi ne kawai ka ce abin bai yi ba. Ka riƙa matso da kwanciyar da rabin awa duk bayan kwana biyu ko uku.

Waya ita ce babbar ɓarauniya a labarinka. Ana yawan maganar haskenta, kuma gaskiya ne haske da dare yana jinkirta fitowar melatonin, sinadarin da ke shaida wa jiki dare ya yi. Amma ni a ganina abin da ke cikinta ya fi hasken illa: bidiyon TikTok ɗaya yana jawo wani, muhawarar Facebook ta tayar maka da jijiyar wuya, ga garaɓasar datar tsakar dare da ake ganin asara ce a bari ta wuce. Dabarar da na ga tana aiki ita ce mafi sauƙi, a sa wayar caji a falo ko wani wuri da sai an miƙe tsaye za a ɗauko ta. Ƙarar farkawar ma ta fi amfani daga can.

Sai kafeyin. Jiki yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin ya rage rabin abin da aka sha. Wani gwaji na 2013 ya nuna cewa kafeyin mai yawa, ko da awa shida kafin kwanciya aka sha, yana rage barci da sama da awa guda, kuma waɗanda aka gwada ba su lura sosai ba. Shayi mai kauri a teburin mai shayi da ƙarfe goman dare, da ɓarin goro bayan Magariba, suna cikin jininka har tsakar dare. Ka sha abinka da safe, daga La'asar ka tsaya. Indomi da ƙwai huɗu dab da kwanciya ma a rage.

Ƙailula kuwa ka riƙe ta da kyau. Jikin ɗan'adam yana da wata kasala ta halitta tsakanin ƙarfe ɗaya da uku na rana, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Minti 20 zuwa 30 bayan Azahar, a masallaci ko a bayan diloli, yana dawo da kaifin hankali na sauran yinin. In ta zarce haka sai ka shiga barci mai nauyi, ka tashi kai ya yi dum kamar an doke ka. Bayan La'asar kuma kar ka yi, za ta cinye maka na dare. Ita ƙailula ciko ce kawai, ba ta maye gurbin awa ukun da ake bin ka. Haka ma ramuwar ranar hutu: tana rage nauyi, ba ta goge bashin mako guda.

Ban manta da zafi ba. Jiki sai ya ɗan huce sannan barci ke kama shi, a watan Afrilu kuwa da zafin Kano ke haura maki 40, ɗaki yakan riƙe zafin rana har tsakar dare, in an ɗauke wuta kuma sai fifita. Wanka kafin kwanciya yana taimakawa, haka kwana a tsakar gida cikin gidan sauro, ko 'yar fanka mai caji. Janareta dai a nisanta shi da taga da ƙofar ɗaki, hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci ba tare da sun farka ba.

Maganin ƙarin kuzarin da abokinka ya ambata, in taramol yake nufi ko danginsa, ka guje shi kamar wuta. Maganin ciwo ne mai kama jiki, yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma na ga matasa da yawa da suka fara shi don su jure aiki, masu ɗinki a goman ƙarshe na azumi, da masu dako, da direbobi, aikin ya tafi ƙwayar ta zauna. Haka ƙwayoyin sa barci irin su diyazafam da ake saya a kemis ba takardar likita: suna kwantar da mutum, amma ya tashi da jiri-jiri, kuma ba a jimawa jiki ya ƙi barci sai da su. Kai ma ba rashin iya barci ke damun ka ba, rashin kwanciya ne, wannan kuwa ba ƙwayarsa. Ita kuma Gwaggo, ka gode mata, ka riƙe azkar ɗinka na kwanciya da na safe, ba sa cin karo da abin da na faɗa.

Wani abu ɗaya nake so ka bincika a gida. Ka tambayi maiɗakinka ko kana minshari mai ƙarfi, kuma ko takan ji numfashinka ya tsaya na ɗan lokaci sannan ka ja shi da ƙarfi kamar an shaƙe ka. Akwai cutar toshewar numfashi cikin barci, ta fi kama maza masu ƙiba da kaurin wuya, mai ita ko ya kwanta awa tara zai tashi a gajiye da ciwon kai, kuma tana tafiya da hawan jini. Tana da magani, amma sai an gano ta. In kuma kana tashi fitsari sau da yawa da dare ga yawan ƙishirwa, a auna suga. In ka gyara lokacin kwanciya amma barcin ya ƙi zuwa aƙalla dare uku a mako har wata uku, ko kana farkawa tsakar dare da tunani da ƙuncin zuciya, wannan ma na ganin likita ne, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Murtala, ko wanda ya fi kusa da kai. Ko ba ɗaya daga cikin waɗannan, shekara biyar kana barcin awa huɗu ta isa dalilin auna jini da suga, domin daɗewa cikin ƙarancin barci yana da alaƙa da hawan jini, da ciwon suga, da ƙiba.

Ka ba abin mako uku. A bayan littafin shagon ka ja layi uku: lokacin da ka kwanta, lokacin da ka tashi, da yawan gyaran da ka yi a lissafin ranar. Kafin nan, duk kuɗin da za ka tura mai yawa ka tura shi da hantsi, ka karanta lambar asusun da sunan mai shi a bayyane, yaron shago yana bin takardar da ido. In mako ukun suka cika kana samun awa bakwai amma kuskuren bai ragu ba, ka zo da littafin da sakamakon awon jinin mu duba tare.